Fashin Motar Ƙwai

"Ka zaɓi wa?!"

Guduma ne ya daka tsawar, har mai faci da ke gaban shago ya saki tayar da ke hannunsa. Rana tsaka ce, su uku suna zaune a ɗakin baya inda ake jibge tsofaffin tayoyi. Nan ne ofishinsu. Guduma shi ne oga, ƙato mai wuya kamar turmi. Tsinke shi ke riƙe da bindigar ƙungiya, wadda ta girme shi da shekara goma. Na ukun Sanyi, ƙanin Guduma uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara shida yana yi musu gadin hanya in sun shiga aiki, bai taɓa hango ɗan sanda ba sai ɗan sandan ya gaishe shi.

Shirin ba shi da wuya. Guduma ya tura Sanyi makarantar tuƙin manyan motoci, ya samo lasisi. Abin da ya rage ya nemi aiki a kamfanin da ke jigilar wayoyi da talabijin, a ba shi mota, ya kawo musu ita har gida. Ko akuya aka ba lasisi za ta iya.

Sai ga Sanyi ya zaro ƙaramin littafi daga aljihu.

"Yaya, ka saurare ni. Kamfani uku na zaga. Na wayoyin nan, tayoyinsu sumul kamar kan Tsinke."

"Kai, ka fitar da kaina a maganarka," in ji Tsinke.

"Direba uku na tarar a harabarsu. Ɗaya da ɗauri a hannu, biyu suna barci a tsaye. Na tambayi ɗaya yaushe rabonsa da gida, ya ce 'yarsa Kawu take ce masa yanzu."

"Ina ruwanka da 'yarsa? Kwana biyu za ka yi, dolo!"

"Na biyun suka ce in na shekara biyar motar ta zama tawa. Na ce a nuna mini wanda ya taɓa kai shekara biyar ɗin. Suka ce in dawo gobe." Ya buɗe shafi na gaba, fuskarsa ta washe. "Amma na ukun, Yaya! Ba a tuƙi bayan faɗuwar rana. Duk ƙarshen mako kana gida. Tayoyi sababbi fil, har na shinshina. Akwai katifa a bayan kujera. In ka yi rashin lafiya su ke kai ka asibiti."

Guduma ya runtse ido. "Me suke ɗauka?"

Sanyi ya sunkuyar da kai. "Sabon direba... ƙwai."

Tsinke ya faɗo daga kan taya don dariya.

Haka tsarin kamfanin yake. Sabon direba wata guda zai yi yana jigilar ƙwai, tsohon direba na zaune a gefensa da biro da takarda yana ba shi maki. In ya cika kwana talatin bai yi wa ƙwai ɓarna ba, a ba shi takardar aiki ta dindindin. Manajar kamfanin, wata mace mai gilashi da ba ta dariya sai an biya albashi, ta gaya masa ƙa'ida ɗaya tak ranar da ta ɗauke shi: wanda ya taɓa kwana a gidan yari ba ya taɓa sitiyarinsu. Sanyi ya amsa mata da ƙarfin zuciya, don shi ba a taɓa kama shi ba. Ba don iyawa ba, don dai ba wanda ya taɓa zaton yana yin wani abu.

Akwai abin da bai faɗa wa yayansa ba. 'Yarsa ta shiga aji ɗaya, malama ta ce kowa ya faɗi sana'ar babansa, ta dawo gida ta tambaye shi, ya yi ta tari har ta manta. Tun ranar abin yake cin sa. Yana son takardar nan kamar ransa.

Guduma ya yi murmushin da Sanyi ya fi tsoro.

"Ba komai. Ƙwai ma abinci ne. Motar nake so. Ina da mai yanka ta ya sayar da ita gunduwa-gunduwa, amma sai ƙarshen wata zai shirya."

"Ƙarshen wata ranar gwajina ta ƙarshe ce, Yaya."

"Wa ya raine ka da Baba ya rasu?"

Sanyi ya mayar da littafinsa aljihu.

"Kuma tunda shegun ba sa tuƙin dare, da rana za mu yi. Ka ga abin da ka jawo mana? Fashi da rana tsaka kamar masu tallar lemo!"

Kwana ashirin da tara Sanyi ya yi yana tuƙi da Baba Birki a gefensa. Baba Birki tsoho ne mai shekara arba'in a kan hanya, kuma duk cikinsu ba a taɓa jin ya yabi kowa ba. In ka yi daidai ya rubuta, in ka yi kuskure ya rubuta, fuskar iri ɗaya. Amma sanyin da aka yi shekara shida ana zagin Sanyi a kansa, a nan shi ne jari. Yana shiga rami kamar mai shiga ɗakin surukai. Ran Asabar ya koma gida da rigar kamfani, 'yarsa ta kwana da hularsa a ka.

Rana ta talatin, ƙarfe sha biyu. Hanya ta miƙe, ba gida gaba ba gida baya. Sai ga benci a tsakiyar titi!

Sanyi ya taka birki a hankali, motar ta tsaya cak. Baba Birki ya lashi bakin biro ya rubuta wani abu.

"Kar wanda ya motsa!" Tsinke ya fito daga ciyawa, ya rufe fuska da safa, amma ya manta sanƙonsa yana walƙiya. "Hannu sama — tsoho, da kai nake!"

"In na gama rubutu," in ji Baba Birki.

Guduma ya finciko ƙofa ya haye, Tsinke ya biyo shi. Mutum huɗu a gaban mota, gwiwar wani a haƙarƙarin wani.

"Direba, ja mu je!" Guduma ya yi kamar bai san ƙaninsa ba. "Kauce hanya, bi ta dama!"

"To, Ya— to, ranka ya daɗe."

Ya duba madubi. Ya sa giya ta ɗaya. Ya sa ta biyu. Mota ta ɗauki hanya, allura ta hau arba'in, ta hau hamsin, ta kai sittin, ta tsaya.

"Taka!"

"Na taka."

"Na ce taka totur, ɗan iska!"

"Ƙafata a ƙasa take. Kamfani ya ɗaure mata gudu, ba ta wuce sittin." Muryarsa har da ɗan alfahari. "Yana cikin abin da ya sa na zaɓe su."

A ofis, Manaja na kallon allon da ke nuna inda kowace mota take. Ɗigo ɗaya ya bar layinsa. Ta cire gilashi, ta goge, ta mayar. Baba Birki bai taɓa kauce hanya ba ko don fitsari. Ta ɗauki waya.

A caji ofis, Sajan yana tsakiyar gyangyaɗi wayar ta tashe shi.

"Fashi! An sace motar ƙwai! Kofur, ta da mota!"

"Sai an tura, Oga."

"To me kuke jira? Ku tura!"

Mutum uku suka tura, ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi. Suka haye da gudu, jiniya na kuka kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya.

Minti ashirin, Tsinke ya leƙa madubi.

"Oga — 'yan sanda! Sun taho!"

"Da gudu?"

Tsinke ya ƙara dubawa. "To... sun dai taho."

Motar Sajan sittin da biyu take yi in an yi mata addu'a. Haka aka jera, ɓarayi a gaba 'yan sanda a baya, kowa na gumi, ba mai cim ma wani. Wani mai babur ɗauke da buhun gawayi ya zo ya wuce su duka, har ya ɗaga musu hannu.

"In harba, Oga?" in ji Tsinke.

"Rabon bindigar nan da tashi tun kana da gashi. Ajiye!"

Baba Birki ya leƙa allura, ya rubuta.

"Tsoho, me kake ta rubutawa?" Guduma ya harare shi.

"Gwaji muke. Ku kun shigo ne daga baya."

Sai ga wata hanya ta ɓalle hagu, ba kwalta, duk ramuka da duwatsu, ta nufi daji.

"Nan! Shiga nan! Akwalar motarsu ba za ta iya ba!"

Sanyi ya kunna sigina, ya karya kan mota, ya shiga. Ya hango ramin farko. Kiret ɗari shida ne a bayansa, kwana ashirin da tara ko ɗaya bai tsage ba. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta. Allura ta sauko talatin, ta sauko ashirin, ta zauna a kan goma.

"Me kake yi?!"

"Rami ne."

"Na ga rami! Taka shi!"

"Za su fashe."

Guduma ya fizge bindigar daga hannun Tsinke ya ɗora bakinta a kunnen ƙaninsa. Gaban motar ya yi tsit. Ko biron Baba Birki ya tsaya.

"Sanyi, ni ne fa. Taka, ko wallahi in fasa kanka."

Hawaye na zuba a fuskar Sanyi, amma hannunsa biyu na kan sitiyari, idonsa na kan hanya.

"Yaya, duk abin da ka ce in yi tun ina yaro na yi, kuma ban taɓa iya ko ɗaya ba. Wannan kaɗai na iya. Ka harba in za ka harba, ni dai ba zan fasa ƙwan nan ba."

Ya lallaɓa tayar gaba cikin ramin, ya fito da ita, ko kofin shayin Baba Birki bai girgiza ba.

A baya kuwa motar Sajan ta faɗa ramin farko ta mutu. 'Yan sanda suka diro suka biyo su da ƙafa. Kofur ya iso daidai taga yana tafiya yana haki, ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Malam direba, in ba damuwa ka ɗan tsaya."

Guduma bai harba ba. Ya jefar da bindigar, ya buɗe ɗaya ƙofar ya dira — sai a hannun Sajan! Tsinke ya sulale ta taga, ya ɗaga tamfol ya faɗa bayan mota don ya ɓuya. Aka ji ƙwas! ƙwas! ƙwas! Sanyi ya rufe ido kamar a cikinsa ake takawa. Da aka zaro Tsinke, daga sanƙo har takalmi ruwan ƙwai ne, sai da Kofur ya yi sau uku kafin ankwa ta zauna a hannunsa.

"Sannu direba, ka yi jarumta," Sajan ya dafa kafaɗar Sanyi. "Da irinku goma a hanya, da mun huta."

Baba Birki ya ji an ce Yaya a cikin mota da kunnensa, amma ya duƙufa yana gyara murfin biro. Saura kaɗan Sanyi ya tsira.

Guduma na durƙushe a ƙasa, ankwa a hannu. Ya ɗago ya dubi ƙaninsa cikin rigar kamfani, ana dafa shi ana yabo. Abin da bindiga ba ta yi ba, bakinsa ya yi.

"Jarumin uban wa? Ƙanina ne! Da shi aka shirya, ni na tura shi ya koyi tuƙin!"

Sajan ya juyo. "Gaskiya ne?"

Da Sanyi ya iya ƙarya, da tuni ya yi suna a tsohuwar sana'arsa. Ya kashe mota, ya ja birkin hannu, ya miƙa wa Baba Birki makulli.

"Gaskiya ne. Baba, a kai sauran ƙwan kafin rana ta taɓa su."

Alƙali ya ba Guduma shekara goma sha huɗu, Tsinke tara. Bindigar da aka gwada a gaban kotu ta ƙi tashi, amma hakan bai rage musu ko kwana ɗaya ba. Sanyi, saboda shaidar Baba Birki, shekara ɗaya da rabi. Kiret huɗu suka fashe, duk a ƙarƙashin Tsinke. Matar Sanyi ta gaya wa 'yarsu babanta ya yi doguwar tafiya da mota, yarinyar kuma ta riga ta faɗa wa malama da duk 'yan aji cewa babanta direba ne.

Bayan wata biyu a gidan yari aka ce Sanyi ya yi baƙo. Baba Birki ne, da takarda a ninke.

"Baba, Manaja ta ce wani abu?"

"Ta ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Kai ma ka ce tana cikin abin da ya burge ka."

Sanyi ya gyaɗa kai. Shi ya zaɓi kamfanin da ba ya wasa, ba shi da bakin kuka.

Tsohon ya tura masa takardar ta ƙasan ragar ƙarfen da ke tsakaninsu. Makin gwaji ne. Casa'in da takwas cikin ɗari.

"Shekara arba'in ina wannan aiki," in ji Baba Birki, yana kallon bango, "ban taɓa ba kowa sama da saba'in ba."

Sanyi ya daɗe yana kallon lambar. Ya share ido da bayan hannu.

"Baba, maki biyun fa? A ina na rasa su?"

Baba Birki ya miƙe, ya soke biro a aljihu.

"Da ka tsaya wa 'yan fashi, ba ka kunna sigina ba."