Takardu Biyu a Kan Tabarmar Umma

Sati uku ke nan takardun nan biyu suna kan firij, an danne su da kwalbar zuma, sai ka rantse ba su ne suka hana gidan sakat ba. Na Lauya ne. Haka kowa ke kiranta tun ranar da ta sa baƙar riga, har mijinta Malam, mai koyar da lissafi a sakandare. Jami'o'i biyu ne suka ba ta gurbin digiri na biyu a fannin dokar banki. Ɗaya tana nan cikin gari, mota ɗaya za ta hau. Ɗayar kuwa tafiyar yini guda ce, za ta yi shekara cur a can, kuma ita ranta ke so. Ranar Alhamis za a rufe karɓar amsa.

Umma, mahaifiyar Malam da ke zaune a sashen gaba, ita ta taka wa maganar birki. "Matar aure ta bar miji shekara guda? Ba da ni ba." Tun daga ranar ko gaisuwar Lauya ciki-ciki take amsawa.

"Malam, ka yi mata bayani kuwa?" in ji Lauya, tana goge masa rigar makaranta.

"Bayanin me? Umma ko aji ɗaya ba ta shiga ba. Ni kaina da na karanta kwasa-kwasan nan sai da kaina ya sara." Ya ga hawaye na ɗiga kan rigar, jikinsa ya yi sanyi. "Ki ɗauki ta nesan. Wallahi zan tsaya miki, ko da za ta yi fushi da ni."

Maganar ta yi mata daɗi har cikin rai, amma ita ce kuma ta yanke mata shawara. Mutumin da zai ɓata da uwarsa saboda ita, ba za ta bari ya yi ba.

Ranar Laraba da hantsi ta kwashi takardun ta nufi sashen Umma, Malam na biye da ita. Ta durƙusa a gefen tabarma.

"Umma, na haƙura. Ta gida zan yi. Na zo ki sa min albarka ne."

Umma tsohuwar mai shagon yadi ce, kuma hali ba ya barin mutum. Ta ɗauki takardun, ta murza su da yatsu, ta juya bayansu.

"Ni ban taɓa sayen yadi ban duba bayansa ba. Wannan ƙananan rubutun fa? Karanta min, matar Malam. Da Hausa."

Lauya ta fara da ta gida: darasi da yamma, yadda ake rubuta yarjejeniya, yadda ake kare banki a kotu. Umma ta gyaɗa kai. Sai Lauya ta ɗauko ta nesa. Kusan duk ɗaya ne, sai layi na ƙarshe: duk mako ɗalibai suna zama a wani ofis, 'yan kasuwa su kawo takardun banki, a karanta musu kyauta, a fayyace musu kafin su sa hannu.

"Maimaita nan wurin."

Ta maimaita. Umma ta ƙura wa babban yatsanta ido.

"Kai," ta ce da ɗanta, "ka san yadda shagon babanka ya bar hannunmu?"

"Ba sayarwa kika yi ba?"

"Haka na ce maka, don kana ƙarami. Bayan rasuwarsa wani ya zo da takarda daga banki, ya ce sunan mai shago kawai za a canza. Na dangwala yatsa. Bayan wata uku suka zo suka sa wa shagon kwaɗo." Ta ɗaga yatsan. "Shekara ashirin ina jin kunyar yatsan nan. Da na sami mai karanta min layi ɗaya, ɗaya tak!"

Malam ya sunkuyar da kai, Lauya kuwa kuka take sosai.

"Sati uku kuna ƙus-ƙus a ɗaki," Umma ta ci gaba, tana share ido da bakin mayafi. "Ba wanda ya zo ya ce, Umma ga abin da ke ciki. Cewa kawai aka yi za ta tafi. Don ban yi boko ba, sai aka ce kan nawa ma babu komai?"

"Ki yafe mana, Umma. Laifina ne," in ji Malam.

"Ai na sani. Wai malamin lissafi." Ta tura wa Lauya takardar nesa. "Ki je. Shi wannan ni na raine shi, shekara guda ba za ta kashe shi ba. Allah ya yi miki albarka."

Lauya ta riƙe hannun Umma da hannu biyu, godiyar ta ƙi fitowa, sai "Umma, Umma" kawai take. A ranar Malam ya aika amsar da kansa ta waya.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. An yi kewa, an sha waya har kunne ya yi zafi, Malam ya ƙona tukwane biyu. Amma ta wuce. Har yau in Lauya ta tuna, sai ta gode wa Allah da bai bari ta tafi a kan fushin Umma ba, bai kuma bari ta haƙura a ɓoye ba. Haƙuri ya kai ta gaban tabarmar, bayani ya buɗe mata hanya. Babba ba gardama yake so ba, so yake a zauna a gabansa a faɗa masa abin da ake ciki.

Yanzu duk Asabar akwai tebur a ƙofar gidan, mata 'yan kasuwa na layi da takardu a hannu. Umma na kan kujerarta a gefe, duk wadda ta iso sai ta ɗaga mata babban yatsa.

"Kar ki dangwala wa kowa komai," take cewa, "sai 'yata ta karanta miki."