Samfur na Arba'in da Bakwai

Ya ƙara huda sabon rami a madaurin agogonsa.

Na gani lokacin da ya ajiye tiren gilasai a teburina. Rami na uku ke nan tun da na saya masa agogon, hannun sai ramewa yake.

"Ga aikinki, Shiru-shiru," ya ce, bai kalle ni ba.

Mai Launi ake kiransa a ɗakin bincikenmu, don shi ke yanka tsokar da ake kawowa daga asibiti, ya rina ta, ya manna a gilashi. Yatsunsa kullum a rine suke. Wata uku da suka wuce ya fasa aurenmu, bai faɗi dalili ba. Umma har hamdala ta yi.

"Da ma ina ke ina mai rini? Ga Dokta shugabanku nan yana binki kamar jela!"

Ni dai aiki na rungume. Shekara biyu ina bin wata ƙwayar gado mai suna MYC. Idan ta birkice, sai ta sa ƙwayoyin jiki su yi ta ƙera ribosom, wato 'yan injinan da ke haɗa furotin. Injina su yi yawa, ƙwaya ta kumbura, ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Haka cutar kansa ke samun ƙarfi. A madubin bincike, wuraren ƙera injinan kan fito kamar baƙaƙen ɗigo. Aikina in ƙirga su.

Dokarmu ɗaya ce: mai ƙirga ba ya sanin mai tsokar. Lamba kawai yake gani.

Ranar da na ɗora lamba arba'in da bakwai a madubi, sai da na miƙe tsaye. Ɗigo birjik, manya-manya! Abin da nake nema ke nan tun farko. Ni da ba a jin muryata, har tafi na yi.

"Masha Allah! Wannan ya fi duka kyau!"

Mai Launi yana bakin famfo yana wanke hannu. Ya ɗan yi murmushi.

"Ya yi miki?"

"Sosai!"

Washegari da safe na tarar da takardar sunaye a buɗe kan teburina, wadda Dokta kaɗai ke riƙe da makullin durowarta. Dokta yana tsaye a gefe, hannu cikin aljihu.

"Mantuwa na yi," ya ce. "Amma tunda kin gani... ƙanwata, gara ki daina jiran wanda ba zai kai baɗi ba."

Idona ya sauka kan layin.

Arba'in da bakwai.

Sunansa.

Ban san yadda na isa ɗakin rini ba. Mai Launi yana zaune yana jera gilasai a akwati.

"Kai ka yanka shi? Da hannunka?"

Ya ci gaba da jera gilasan.

"Wa zan bari ya ɓata miki samfur? Sauran duk kauri suke yankawa."

"Kada ka yi min wasa!"

"To me zan yi, Shiru-shiru?"

"Na yi tafi... a gabanka na yi tafi!"

"Shekara biyu ban ga kin yi murna irin ta jiya ba. Wallahi na ji daɗi."

Hawaye suka ƙwace min.

"Saboda wannan ka rabu da ni?"

"Ke kika koya min ma'anar ɗigon nan. In sun yi yawa, abin gudu yake. Tun wata uku na leƙa, kafin in kawo miki. Na ƙirga."

"Masoyina, a ɗaura auren nan. Ko wata ɗaya ne, na yarda. Ni zan fuskanci Umma."

"Ki yi amarci a asibiti, ki fito ki shiga takaba? A'a, zuciyata. Ba zan iya ba."

Ya miƙe da ƙyar, ya raka ni har teburina. Ya zaro gilashin daga tire, ya goge shi da bakin rigarsa, ya ɗora a madubi.

"Sake ƙirgawa. Ƙila ni na yi kuskure, ai ba ni da digiri."

Na san bai yi kuskure ba. Amma na sunkuya, na kafa ido. Na ƙirga a fili. Sha ɗaya... sha biyu... Hawaye ya rufe gilashin, na goge, na koma farko. Ina ta neman ƙwaya guda mai lafiya da zan nuna masa.

A can gefe na same ta, 'yar ƙarama, mai ɗigo biyu kacal.

"Zo ka gani! Ga wata..."

Na ɗago.

Agogon yana kan teburi, kusa da hannuna. Ƙofar tana rufuwa a hankali.