Attajiri da Zallar Jibda

A wani zamani an yi wata tsohuwa mai haɗa turare. Takan kankari jibda a gindin wutsiyar tunkun da take kiwo, ta sa ɗan kaɗan cikin man sandal da garin kajiji.

Rannan wani attajiri mai girman kai ya zo ya ce, "Inna, ni ba a yi mini gauraye. Zallar jibda nake so."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, zallarta wari gare ta."

"Na ce zalla!"

Ta ba shi. Ya shafe gemu da rawani da ita, ya tafi ɗaurin aure. Ya zauna nan, aka watse. Ya koma can, aka watse.

Ya dawo yana murmushi, ya ce, "Inna, ƙaro mini. Yau saboda kwarjini ko limami bai iya zama kusa da ni ba."