Wa Ya Ɓoye Ɗorawar Gona?

A wata makarantar firamare a Malumfashi akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari, amma zargi ya yi mata yawa. Ko fensirinta ne ya faɗi, sai ta ce wani ya ture shi.

Ƙawarta ɗaya ce, sunanta Adawiyya. Gonakin iyayensu suna maƙwabtaka a hanyar Funtuwa, kuma akwai wata tsohuwar ɗorawa a wurin. Kullum musunsu ɗaya ne: a gonar su wa ɗorawar take?

Ran Laraba Malam Maitama ya kai su ɗakin kwamfuta.

"Yau kowa zai nemo gonarsu a taswirar intanet," in ji shi.

Adawiyya ce ta fara zama. Ta jira, ta gaji, ta tashi.

"Ta ƙi fitowa," ta ce. "Zo ki gwada."

Yarinyar ta zauna tana kallonta ta wutsiyar ido. Taswira ta riƙa fitowa gutsure-gutsure. Titi ya fito. Rafi ya fito. Amma daidai inda ɗorawa take, sai wani fili mai launin toka.

"To fa!" ta ce a ranta. "Me ya sa nan kaɗai?"

Ta buɗe sabon shafi. Shiru. Ta buɗe wani, ta ƙara wani, ta yi ta ƙarawa. Yanzu ko titin ma ya ƙi fitowa. Ranta ya ɓaci, ta miƙe tsaye.

"Malam, Adawiyya ta taɓa wani abu! Ta ga ɗorawar tamu ce, shi ya sa ta ɓoye ta!"



"Ni?" in ji Adawiyya. "Wallahi ban ɓoye komai ba." Hawaye ya zubo mata, ta fita waje.

Malam Maitama ya zo ya duba. Ya ƙirga shafukan da yatsa.

"Goma sha huɗu. Wa ya buɗe waɗannan?"

"Ni ce, Malam," ta ce a hankali.

"In aka ɗora wa babur ɗaya buhun masara goma sha huɗu, zai yi gudu?"

"A'a, Malam."

"To haka sabis ɗinmu yake. Dama ba shi da ƙarfi, taswira kuma hotuna ne masu nauyi. Ke kika ƙara masa kaya."

Ya rufe shafukan, ya bar ɗaya. Suka jira. Can sai tokar ta washe. Ga ɗorawa nan, baƙa ƙirin da ganye, daidai kan iyakar gonakin biyu. Rabinta nan, rabinta can.

Kunya ta kama yarinyar. Ta fita da gudu, ta sami Adawiyya zaune a bakin baranda.

"Ki yafe mini. Na yi miki ƙazafi a gaban kowa."

 Adawiyya ta share ido.

"To, ta su wa ce?"

"Tamu ce, ni da ke. Zo ki gani."

Ran Asabar suka tafi tsintar ɗorawa tare, da kwando ɗaya. Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa in abu ya yi jinkiri, haƙuri ake yi. Kuma ba a zargin mutum sai an bincika.