Sa Hannun Mai Agogo

Auta ta ajiye takardar a kan tebur, kusa da kofin shayin da Baba bai taɓa ba, ta ɗora biro a kai, sannan ta ja da baya ta durƙusa. Karo na huɗu ke nan a cikin mako guda.

"Baba, sa hannu ne kawai. Nan ƙasa, inda na yi alama da fensir."

Baba bai ko kalli takardar ba. Hannuwansa na cikin aljihun riga, idonsa na kan agogon bango.

"Ranar Litinin na ce miki a'a. Yau Alhamis. Me ya canza?"

"Gobe ƙarfe huɗu za a rufe karɓa, Baba."

"To a rufe."

Ya miƙe ya tafi shago. Umma ta ɗauke kofin shayin, ita kuwa Auta ta zauna daɓas a ƙasa, ta cika kamar ta fashe.

Dole ranta ya ɓaci. Shekararta ta ƙarshe ke nan a kwalejin koyon aikin fim da rediyo, inda ta ƙware a ɗaukar sauti. Ita da Dogo, ɗan ajinsu mai riƙe kyamara, sun shirya fim na minti goma sha biyu a kan shagon Baba na gyaran agogo. Duk malamin da ya gani sai ya ce kyautar bana tasu ce. Kyautar kuwa ba kofin ajiyewa a kan kanta ba ce kawai: wanda ya ci, gidan talabijin zai ɗauke shi aiki na shekara guda. Nan gizo yake saƙa wa Auta, domin wata shida da suka wuce, da Dogo ya zo gaishe da Baba da maganar aure a bakinsa, amsa ɗaya ya samu: "Ranar da wannan kyamarar taka ta zama aikin da zai riƙe gida, ka turo manyanka."

Sai dai kwalejin tana da doka. Ba a nuna fim a gasa sai duk wanda fuskarsa ta fito a ciki ya sa hannu cewa ya yarda duniya ta gan shi. Baba da kansa ya bar su suka yi kwana uku suna ɗauka a shagon, har yana tsokanar Dogo wai tsayinsa na tare masa haske. Amma ranar da aka nuna masa fim ɗin a laftof, minti biyu kawai ya kalla ya rufe. Tun daga nan ya kafe. Wato shi ya gindaya sharaɗi, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya hana a cika shi. Wace irin rayuwa ce wannan?

Tana share hawaye a soro, Yaya ya fito daga ɗakinsa yana ɗaura agogo. Shi ne babba a gidan, kuma kusan shekara guda ke nan shi yake cike wa Baba duk wata takarda, wai idon Baba ya fara gajiya.

"Ke dai akwai son kuka. Kawo fom ɗin nan."

"Me za ka yi da shi?"

Ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar takardar shigarta kwaleji, wadda Baba ya sa wa hannu shekara huɗu da suka wuce. Ya gwada sau biyu a bayan ambulan, a na uku ya zana a kan fom ɗin. Layi ya miƙe sambal, lanƙwasar ƙarshen nan ta fito tsaf.

"Ko Baba da kansa sai ya rantse nasa ne," in ji Yaya. "In kun ci, wa zai yi faɗa da kyauta?"

Auta ta ninke takardar ta saka a jaka.

Washegari da rana ta sami Dogo a ɗakin haɗa hoto, ya takure dogayen ƙafafuwan nan a ƙarƙashin tebur. Ta ajiye masa fom ɗin a kan kibod tana murmushin da bai kai ciki ba.

"An gama. Tashi mu kai wa Malama mai karɓar fina-finan gasa."

Dogo ya ɗauka. Kallo ɗaya ya yi masa ya ajiye.

"Ba Baba ne ya sa wannan ba."

"Kamar yaya? Ka taɓa ganin sa hannunsa ne?"

"Ban taɓa ba."

"To ta ina ka sani?"

Ya yi shiru yana wasa da murfin kyamara. Wannan shirun nasa shi ne abin da ya fi ƙona mata rai a duniya. Ko lokacin haɗa fim ɗin haka ya yi mata. Ya yanke wurare har biyar inda sautinta ya fi daɗi, inda ake jin ƙarar hantsaki a kan ƙarfe da bugun agogo kamar numfashi, da ta tambaye shi dalili sai ya ce wai hoton ne bai zauna ba.

"Na ji, Yaya ne," ta ce. "Sai me? Fim ɗin ya zagi Baba ne? Karrama shi muka yi. Dogo, siriyos nake maka magana, saura minti arba'in."

"Fom ɗin cewa ya yi mutum ya yarda. Shi kuma bai yarda ba."

"Ba shi da dalili. Rigima ce kawai irin ta tsofaffi."

"Wataƙila yana da shi."

"Mene ne?"

"Ba ni zan faɗa ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Shekara uku suna tare, ta riƙe masa sandar makirfo cikin rana har kafaɗarta ta ƙage, ta kare shi a gida duk lokacin da Yaya ya kira shi mai ɗaukar hoton biki. Yau ga ƙofa a buɗe, shi ne yake ja da baya.

"Ka faɗa mini gaskiya kawai — auren ne ba ka so."

Nan ne ya ɗago. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Saboda ina so ne. Ba zan shiga gidanku da sa hannun ƙarya ba, Auta. In na yi wa mahaifinki haka tun ina waje, me zan yi masa in na shigo?"

"Wa'azi za ka yi mini? To riƙe wa'azinka."

Ta fizge takardar. Ita kaɗai ba za ta iya kaiwa ba, domin fim na mutum biyu sai su biyun sun tsaya gaban Malama. Ta fita baranda ta zauna a kan benci, tana kallon 'yan ajinsu suna wucewa da gudu da nasu takardun. Ƙarfe huɗu daidai ta ji ƙarar makullin ofis.

Mako biyu ba ta ɗaga wayarsa ba. A gida ma gaisuwa ce kawai tsakaninta da Baba, ita ma a taƙaice. Ranar bikin ba da kyauta ba ta so zuwa ba, Umma ce ta matsa. Ta zauna a layin baya na babban zauren, Dogo kuma can gefe kusa da ƙofa, ba wanda ya kalli wani. Aka ba da kyautar zane, aka ba da ta shirin rediyo, aka zo kan fim. Wanda ya ci wani ɗan ajinsu ne da ya yi fim a kan tashar mota. Hotonsa ba laifi, amma sautin, Allah ya kiyaye. Iska na bugun makirfo tun daga farko har ƙarshe, maganar mutane kamar daga cikin tulu. Aka yi ta tafi, Auta kuwa ta dafe kunnuwa, hawaye na zuba a kan rigarta.

A bakin ƙofa Malama ta riƙo hannunta. "Naku ya fi wannan nesa ba kusa ba. Me ya hana ku kawowa?"

"Ki tambayi Dogo," ta ce, ta wuce.

Da la'asar ta isa gida. Kowa na falo. Yaya na ganin fuskarta ya gane, shi kuma mutum ne da bakinsa ke riga tunaninsa.

"An ba wani ko? Ai na faɗa miki yaron nan sakarai ne. Ni da na zauna na zana muku sa hannun nan tsaf, ya ce wai ba zai kai ba —"

Sai ya tuna wanda ke zaune a kujerar kusa da taga.

"Sa hannun wa?" Baba ya tambaya a hankali.

Ba yadda za a yi, Yaya ya zayyana komai yana sosa ƙeya. Auta ta sunkuyar da kai tana jiran tsawa. Tsawar ba ta zo ba.

"Ya ga takardar, ya ce ba ni ba ne?"

"Kallo ɗaya, Baba," ta ce.

"Ya faɗa miki ta inda ya sani?"

"Ya ƙi. Na yi fushi, na yi kuka, ya ƙi."

Baba ya daɗe yana kallon Umma, ita kuma tana kallon ƙasa. Daga bisani ya dubi Yaya ya ce, "Kai, ni da kai sai an jima. Ke kuma ki ce wa Dogo ya same ni a shago gobe da hantsi. Ki zo da sabon fom."

Shagon Baba ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasa, da agogo fiye da talatin a bango, kowanne na bugun nasa. Dogo ya sunkuya ya shigo, ya durƙusa ya gaida Baba. Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaure fuska.

"Yaushe ka gani?" Baba ya tambaye shi.

"Ranar farko, Baba. Da na matso da hoton kusa."

"Ka gaya wa wani?"

"A'a. Na yanke inda ya fi fitowa. Na ɗauka sauran ba za a lura ba."

"Ni na lura. Masu kawo mini agogo ma za su lura."

"Wai me ake gani ne?" Auta ta katse su, haƙurinta ya ƙare.

Baba ya zaro hannuwansa daga aljihu, ya ɗora su a kan tebur a ƙarƙashin fitila. Ya ɗauki hantsaki ya nufi wata 'yar ƙusa da ba ta kai ƙwayar gero ba. Bakin hantsakin ya yi ta karkarwa, ya taɓa ƙusar ya kauce, ya sake taɓawa ya kauce. Sai da ya tallafe hannun dama da na hagu sannan ya kama ta.

"Shekara guda ke nan," ya ce. "Aikin da nake yi a minti biyar, yanzu sai na rufe ƙofa na yi awa. Ummanku kaɗai ta sani. Wa zai ba mai rawar hannu agogonsa?"

Auta ta ƙura wa hannun ido. Kwana uku ta yi a shagon nan, taku biyu tsakaninta da hannun nan, amma hedifon na kunnenta, idonta a rufe, tana farautar sauti mai daɗi. A ɗakin haɗa hoto ma layukan sauti take kallo. Shayin da ya daina sha a gabansu, takardun da ya koma ba Yaya, hannun da ba ya fita daga aljihu, duk sai yanzu suka haɗu a kanta. Dogo kuwa da ya ga layin Yaya ya miƙe sambal, ya san hannun da ya gani ta kyamara ba zai iya ja shi ba.

Ta durƙusa ta kama hannun mahaifinta ta fashe da kuka. "Ka yafe mini, Baba. Ni da nake 'yarka ban gani ba."

"Ke kunne aka koya miki, shi ido," in ji Baba, yana ɗan murmushi. "Miƙo takardar."

"Baba, an riga an ba da kyautar," Dogo ya ce. "Ba sai ka —"

"Na sani. Na gaji da ɓoyo ne. Ka mayar da wuraren da ka yanke, yarinyar nan ta sami sautinta. Wanda zai kawo agogo ya kawo, wanda zai fasa ya fasa."

Ya kama biro. Ya daɗe yana ja, layin ya fito a karkace, ya hau ya sauka, lanƙwasar ƙarshen ma ba ta rufe ba. Ya tura wa Dogo takardar.

"Na ce sai kyamararka ta iya riƙe gida. Na ga ta riƙe sirrina, alhali sakinsa ne zai ba ka aiki da mata a rana ɗaya. Aiki zai zo. Ka turo manyanka."

Dogo ya karɓi takardar da hannu biyu. Auta ta dube shi ta cikin hawaye. "Sori," ta ce ƙasa-ƙasa. Shi kuwa, kamar kullum, shiru ya yi, sai dai wannan karon shirun bai ƙona mata rai ba.

Aikin ya zo, amma sai bayan wata bakwai na yawo da takardu, a wani ƙaramin kamfanin shirya tallace-tallace. Ba su taɓa cin kyautar kwaleji ba, kuma har yau in Auta ta tuna sautin fim ɗin tashar motar nan sai ta yi tsaki. Amma ta koyi abin da ba a koyarwa a aji. Idan babba ya ce a'a bai faɗi dalili ba, ba lallai ne rigima ba ce, wani lokaci ciwo ne yake rufewa. Mai sonka na gaskiya kuma shi ne wanda zai yarda ya yi asara, har ya jure fushinka, don kada ya ci amanar naka.

A falonsu, inda wasu ke rataye kyaututtuka, takarda ɗaya ce a cikin gilashi. Baƙi kan tambaya me ya sa aka rataye fom mai karkataccen sa hannu. Auta takan ce, "Na Baba ne. Shi ya sa da kansa."