Akwati na Tara

Ranar Litinin da hantsi Malam ya ƙirga akwatunansa ya ga takwas. Shekara talatin yana tara kalmomi masu kama da juna a harsuna daban-daban, kowace a katinta, da ma'anarta da asalinta. Asabar mai buga littafi zai zo ya kwashe su, ga shi na tara ya yi ƙafa.

Sajan, tsohuwar ɗalibarsa, ita aka turo daga ofishin 'yan sanda. Ba a ɓalle kwaɗo ba. Akwatunan iri ɗaya ne, ba lamba ba rubutu, kuma ƙurar kan takwas ɗin ko yatsa bai taɓa ta ba.

"Malam, bi da harafi kake jera su?"

"A'a, bi da ranar da na ji kalma. Sabulu, Larabawa su ce sabun, Sawahili sabuni, duk suna akwatin farko." Ya ƙura mata ido. "Ke 'yar wa ce ma?"

Karo na uku ke nan da ya yi mata wannan tambayar. Tausayinsa ya kama ta har sai da ta kau da kai.

Wani lakcara da kowa ya san yana haɗiyar yawu kan aikin ya nuna mata tikiti, mako guda ba ya gari. "Da zan sata, ai na farko zan ɗauka, can romon yake."

Mai buga wa Malam katunan a keken rubutu ya ce, "Ranki ya daɗe, takwas na buga. Na tara kuwa kullum Anti sai ta ce in dakata."

Sajan ta sami Antin, 'yar Malam, a kicin tana wanke kofi ɗaya tun ɗazu.

"Baƙo sai ya buɗe duka kafin ya zaɓa," in ji Sajan. "Wanda ya ɗauka ya san na ƙarshe ba tare da ya duba ba, kuma yana da makulli. Ke kika hana a buga shi. Ina yake?"

Anti ta janyo shi daga bayan buhun shinkafa, hawaye na zuba. Kati ɗari huɗu, na shekara biyu, duk abu ɗaya: mama, umma, amma, ma. Ƙarƙashin kowanne an rubuta, "Yau na gano."

"Tun rasuwar Mamanmu kullum sai ya sake gano kalmar nan kamar sabuwa. In aka buga wannan, dariya za a yi masa, a manta da shekara ashirin da takwas. Ki kama ni, amma kada ya gani."

Sajan ta rufe littafinta ba ta rubuta komai ba. Ta koma ɗakin Malam tana neman abin da za ta ce masa. Ta tarar ya manta da satar, yana sunkuye kan sabon kati, fuskarsa cike da murna.

"Zo ki gani, yarinya," ya ce. "Kin san duk duniya kusan suna ɗaya ake kiran uwa? Yau na gano."

"Ban sani ba, Malam," ta ce, ta ja kujera. "Koya mini."