Sandar Tagulla a Bayan Gidan Sufeto

Magariba ta kawo kai, Sufeto na zaune a tsakar gida yana cire takalmi, jakar aikinsa jingine da bango. Aikinsa duba wayoyin lantarki ne a sababbin gine-ginen gari, sai ya sa hannu ake ba gida wuta. Mutum ne mai taurin kai, Allah ya sani. Gidan da bai ga an kafa wa sandar tagulla ba, wadda ke janye wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa, ko birgima za ka yi a gabansa ba zai sa hannu ba. Ta gidansa shi ya kafa ta da kansa, a wani lungu mai danshi bayan banɗaki, ya zuba mata gawayi da gishiri yadda ake yi.

Matarsa ta kunna hita don wankan yara, ta wuce kicin. Ba a jima ba dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani dutsen ya faɗo gaban Sufeto, da ya ɗauka sai ya ji shi da zafi kamar daga murhu aka ciro shi. Ya leƙa waje, layin shiru, ko akuya babu.

Haka aka yi ta yi kowace magariba. Bayan jifan sai kukan yaro ya biyo, siriri, daga ƙarƙashin simintin banɗaki. Gidan ya yi nauyi, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Auta, 'yarsu ƙarama mai surutu, ta daina cin abinci, sai ta je lungun ta tsaya tana kallon sandar. Ran nan uwar ta je janye ta, yarinyar ta juyo ta ce da muryar tsohuwa, "Sake ni." Uwar ta zube a wurin. Tsoro ya kama Sufeto, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban taransifoma, ya fita ba takalmi ya ɗauko wani malami mai ruƙiyya.

Malam ya zauna gaban Auta yana karatu a hankali, har jikinta ya fara karkarwa. Ya ce, "Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba," in ji muryar. "Ubanta ne ya soko ƙarfe ta rufin ɗakina, ko sallama babu. Na yi haƙuri. Yanzu kullum magariba wuta ke gangarowa ta jikinsa, ta ƙone mini bayan ɗana. A zare shi yanzun nan, in ba haka ba na tafi da ita."

Matar ta kama rigar mijinta. "Baban Auta, don Allah je ka cire."

Bai motsa ba. Sanda ba ta ɗaukar wuta sai in akwai inda wutar ke yoyo, wannan shi ne abin da yake faɗa wa masu gini kullum. Ya ce, "Malam, in na zare ta yanzu, wutar nan jikin mutum za ta nema. Ba zan iya ba."

Auta ta sandare, idanunta suka juye. Malam ya ƙara karatu, sannan ya ce, "Baiwar Allah, ke ɗanki kike tsoro wa, shi ma 'yarsa. Zai kashe wutar gidan duka, ya nemo ɓarnar, gobe a mai da ƙarfen inda kika yarda. Ke kuma ki fita, kada ki dawo."

Can muryar ta ce, "Gindin katangar ƙofa ba kowa. Ya kashe in gani."

Sufeto ya ja babban makunni, gidan ya yi duhu. Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta tana kiran Mama da muryarta ta da.

Sufeto ya ɗauki tocila da sukudireba ya shiga banɗaki, ya kwance murfin hita. Robar waya ta narke, tagullar tsirara tana manne da jikin tankin, tankin kuma haɗe yake da bututun famfo. Ya sha shiga banɗakunan mutane bayan an fitar da gawa, ya san abin da wannan ke yi wa yaro mai jiƙaƙƙen hannu. Ya zauna a kan simintin.

Matarsa ta leƙo. "Ka gano?"

Ya ɗaga mata kai, hawaye na zuba. "Tun yaushe yaran nan ke wanka da ruwan hitar nan?"

"Kullum mana," ta ce. "Auta ce ma ke fara shiga."